Kwana da Yini: Yadda Haske da Aikin Dare Ke Juya Agogon Jikin Mutum

A Hausar Kabi da ta Sakkwato kalmar nan "kwana" tana ɗauke da kaya uku. In Bakabe ya ce "yaro shina kwana," barci ya ke nufi. In ya ce "na kwana Argungu," watau can dare ya riske shi har gari ya waye. In kuwa ya ce "kwana bakwai," to, lissafi ya ke yi, ya haɗa dare da rana ya ƙirga su abu guda. Bakano ya ware ma'ana ta farko ya ba ta sunanta dabam, ya ce "barci," amma sauran biyun yana riƙe da su kamar kowa. Mutanen da suka bar mana harshe a haka ba su ga dalilin raba barci da dare ba, don a wurinsu duk tafiyarsu ɗaya. Yau kuwa a unguwa kamar Badariya ta Birnin Kebbi akwai mutane masu yawa waɗanda, in za a bi maganar da kyau, sun kwana amma ba su yi kwana ba: ma'aikaciyar jinya da ta kwana tsaye a Asibitin Sir Yahaya ko a asibitin Gwamnatin Tarayya, da mai gadi, da ɗan sanda, da mai gashin burodi wanda tilas kayansa su fito kafin masu shayi su hura wuta, da direban da ya taso daga Legas ya raba dare bisa hanya. A Argungu ma akwai masunta da ke kwana bisa ruwa tun kaka da kakanni.

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta bayyana abin da ke faruwa a jikin irin waɗannan bayin Allah. Galibi in an tambaye su sai su ce sun saba. Amma binciken masana ya nuna cewa a cikin jikin mutum akwai agogo, kuma wannan agogo bai cika sauraron sabo ba. Babban ubangidansa shi ne hasken da ke shiga ido.

Lokaci a Bakin Bahaushe

Kafin mu shiga cikin jiki ya kamata mu dubi harshe, domin can ne a ke ganin irin zaman da jikin ya yi shekara da shekaru. In mai karatu ya jera sunayen da Bahaushe ya ba sassan yini, zai ga kusan dukansu daga haske aka samo su, ko daga salla, ita kuwa salla rana ce ke yanke lokacinta. Akwai asuba, da jijjifi, da sassafe, da hudowar rana, da hantsi, da walaha, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da la'asar sakaliya, da faɗuwar rana, da magariba, da almuru, da lisha. Daga lisha kuwa sai harshe ya talauce. Sa'o'in nan takwas ko tara na dare ba su sami komai ba sai tsakar dare da talatainin dare da sulusin dare, sa'an nan carar zakara. Harshe ya kan yawaita suna inda mutane ke da hulɗa, ya taƙaita inda ba su da ita. Da mutanen dā sun yi aikin dare kamar yadda suka yi na rana, da sun yanka shi gunduwa-gunduwa sun raɗa wa kowace suna.

Kalmomin agogo kuwa baƙi ne. "Agogo" daga Yarabanci ta zo, inda ma'anarta ƙararrawa. "Awa" da "minti" daga Turanci. "Sa'a" da "daƙiƙa" daga Larabci. Ko "ƙarfe" da mu ke cewa, ƙarfe bakwai, ƙarfe takwas, ga alama ƙarfen nan ne da a ke bugawa a bariki don ma'aikata su san lokaci. Ke nan Bahaushe yana da lokaci biyu, na rana da na ƙarfe, na biyun kuwa aikin albashi ne ya yaɗa shi.

A ƙasar Kabi lokutan nan biyu sun yi wa juna nisa fiye da yadda suka yi a gabashin ƙasar nan. Duniya tana juya digiri 1 cikin minti 4. Agogon Nijeriya an saita shi bisa layin digiri 15 gabas, wanda ya bi ta wajen Njamena a ƙasar Chadi, ita kuwa Birnin Kebbi tana kan digiri 4 da 'yan kai. Saboda haka in agogo ya buga ƙarfe 12, a Badariya rana ba ta kai tsaka ba tukuna, sai an ƙara misalin minti 43, ko da ya ke adadin ya kan ɗan motsa bisa ga watannin shekara. Kowa ya san wannan da azumi: Maiduguri ta kan riga Birnin Kebbi shan ruwa da fiye da rabin sa'a, Kano kuwa da misalin minti 17. Cikin watan Janairu rana ba ta hudowa a Birnin Kebbi sai bayan ƙarfe 7, ga shi kuwa makaranta da ofis ba su ƙara wa kowa ko minti guda ba.

Wanne daga cikin lokutan nan biyu jiki ya ke bi? A 2007 wani masani na birnin Munich, Till Roenneberg, da abokan aikinsa suka bincika lokacin barcin dubban mutane a Jamus, ƙasar da duk agogonta ɗaya ne. Suka tarar a ranakun hutu mutanen yammacin ƙasar sun fi na gabas jinkirin kwanciya da tashi, kusan daidai da jinkirin da rana ke yi musu, musamman a ƙauyuka da ƙananan garuruwa. A manyan birane, inda fitilu suka yi yawa, abin ya yi rauni. Katsinawa, da ya ke abokan wasan Kabawa ne, suna iya cewa nauyin barci ne ke sa Bakabe makara, amma sai su tuna rana ta kan riga fito musu da kusan minti 14.

Agogon da ke Cikin Jiki

Duk wanda ya taɓa lura da tsamiya ko gyaɗa da almuru ya ga ganyensu ya naɗe, da safe kuma ya buɗe. Mutum zai ce ai hasken rana ne ke buɗe shi. A 1729 wani masanin taurari na Faransa, de Mairan, ya ɗauki wani tsiro mai irin wannan hali ya kulle shi cikin duhu, sai ya ga ganyen bai fasa buɗewa da safe da naɗewa da dare ba. Ashe tsiron yana riƙe da lokaci a cikinsa.

An daɗe kafin a tabbatar da haka ga ɗan Adam. A ran 16 ga Yuli, 1962, wani saurayi Bafaranshe, Michel Siffre, ya shiga wani kogo mai zurfi cikin duwatsun Alps, ba agogo, ba rana, ya yi ta ci da barci sa'ad da ransa ya so, yana sanar da abokansa ta waya. Da aka ce masa wa'adi ya cika ran 14 ga Satumba, shi a lissafinsa 20 ga Agusta a ke. Hankalinsa ya ɓata lissafi, amma jikinsa bai ɓata ba: kwanciyarsa da tashinsa sun yi ta zagayowa kowace sa'a 24 da rabi, ko kusa da haka. Daga baya, a 1999, Charles Czeisler na Jami'ar Harvard ta Amurka ya auna abin da kyau, ya tarar matsakaicin kwanan jikin mutum sa'a 24 ne da minti 11.

Kada mai karatu ya raina minti 11 ɗin nan. Agogon da ke lattin minti 11 kullum, in ba a gyara shi ba, cikin wata guda ya yi lattin sa'a 5 da rabi. Tilas ne a riƙa saita shi kowace safiya, mai saita shi kuwa haske ne. Shi ya sa da yawa daga cikin makafin da ba su ganin ko alamar haske su kan sha wahalar barci: agogonsu yana tafiya gaba gaɗi, wani mako ya dace da na gari, wani mako ya ce musu tsakar rana ita ce tsakar dare.

A 1972 aka gano mazaunin agogon. Wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa misalin 20,000, duka-duka bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana zaune daidai bisa wurin da jijiyoyin ido biyu suka gitta wa juna. Yadda kowace ƙwaya ke ƙirga lokaci kuwa, a jikin ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace aka fara gane shi, tun daga aikin Konopka da Benzer na 1971, har aka ba Hall da Rosbash da Young kyautar Nobel a 2017. A taƙaice, wata ƙwayar gado ce ke sa a ƙera wani sinadari. Sinadarin ya yi ta taruwa da dare, in ya yi yawa sai ya koma ya tsai da ƙwayar da ta haife shi. Da rana ya narke, ƙwayar ta sake tashi. Zagaye guda ya kan ci misalin kwana ɗaya.

Saura yadda labarin haske ke isa wurin agogon. A 2002 David Berson ya nuna cewa a bayan ido akwai waɗansu ƙwayoyi 'yan kaɗan waɗanda ba gani ne babban aikinsu ba. Su dai awon haske su ke yi, su aika wa agogo cewa gari ya waye ko bai waye ba, kuma launin da ya fi tashe su shi ne shuɗi, irin na sararin sama. In sun yi shiru, agogo ya kan ba wani ɗan ƙullutu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa umurni ya saki sinadarin melatonin cikin jini. Wannan sinadari shi ne mai shelar dare a jiki. Ya kan fara fitowa misalin sa'a biyu kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, ya cika da tsakar dare, ya janye da safe. Cikin wannan lokaci zafin jiki ya kan yi ta sauka har ya kai ƙarshen saukarsa wajen ƙarfe 4 ko 5 na asuba, sa'an nan ya juyo, wani sinadari mai suna kotisol ya taso ya shirya mutum don tashi. A 1980 Alfred Lewy ya nuna cewa in an haska wa mutum haske mai ƙarfi da tsakar dare, melatonin ya kan yanke.

Akwai ƙa'ida guda da ya kamata a riƙe, domin duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Hasken da ya shiga ido daga almuru zuwa sulusin dare na ƙarshe jinkirta agogo ya ke yi, kamar ya ce masa rana ba ta faɗi ba tukuna. Hasken da ya shiga daga asuba zuwa hantsi kuwa gaggauta shi ya ke yi. Kuma agogon ba ya tsalle. Da ƙyar ya ke matsawa fiye da sa'a ɗaya ko biyu a kwana guda.

Daga Aci-balbal zuwa Farin Ƙwai

Masana suna auna haske da wani ma'auni da a ke kira luks. Kyandir guda, in an tsaya mita ɗaya daga gare shi, luks 1 ne. Wata daren goma sha huɗu, duk da kirarin da a ke yi masa, bai kai luks 1 ba. Ɗaki mai ƙwan lantarki ya kan kai 100 zuwa 300. Inuwar itace da hantsi ta wuce dubu, rana tsaka a fili kuwa tana iya kai wa 100,000.

Fitilun dā, watau fitilar man gyaɗa da aci-balbal da fitilar ƙwai da wutar kara ta makarantar allo, haskensu kaɗan ne kuma ja ne, shuɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Almajiri yana iya karatun dare a bakin wuta ba tare da agogonsa ya ruɗe sosai ba. Wutar lantarki ta sauya wannan, musamman bayan an gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, da kuma bayan Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, unguwanni irin su Badariya suka cika da ma'aikata. Amma a ganina sauyin da ya fi girma shi ne na 'yan shekarun nan, da fararen ƙwayayen nan na zamani suka shigo, masu cin wuta kaɗan, waɗanda ke cikin tocila da fitilar caji da ta sola da fuskar wayar hannu. Asalin kowane ɗayansu shuɗin haske ne aka lulluɓe da wani gari mai ruwan ɗorawa don ya fito fari. Ko an ɗauke wuta, su ba su ɗaukewa. Dā rashin lantarki ya kan tilasta wa gari duhu. Yanzu ko a rugar da ba ta taɓa ganin turken lantarki ba a kan iske wannan farin haske.

A 2015 aka gwada mutum 12 a Boston, aka sa su karatu a fuskar na'ura sa'a 4 kafin barci har dare 5. Melatonin ɗinsu ya yi jinkirin misalin sa'a ɗaya da rabi in an gwada da daren da suka karanta littafin takarda. A 2013 kuma Kenneth Wright ya kai mutum 8 dajin Colorado mako guda, ba fitila sai rana da wutar itace, agogonsu ya dawo baya da misalin sa'a 2. Akwai wani abu a nan da ya shafe mu: idon da ya sha rana da yini bai cika jin hasken dare ba. Manomin shinkafa da ya yini a fadamar Rima, in ya duba waya da dare, ɓarnar ba ta kai ta ma'aikacin da ya yini a ofis mai labule ba.

Kada dai a ɗauka mutanen dā da faɗuwar rana su ke kwanciya. A 2015 Jerome Siegel da abokan aikinsa suka auna barcin waɗansu al'ummu uku marasa lantarki a Tanzaniya da Namibiya da Bolibiya, suka tarar ba su barci sai bayan faɗuwar rana da sa'a 3 da wani abu, kuma barcin nasu tsakanin sa'a 6 ne da 7. Abin da suka fi mu shi ne daidaito: lokacin tashinsu kusan ɗaya ne kullum. Wani binciken na 2021 a Ajantina ya nuna mutane sun fi jinkirin kwanciya a dararen da ke gabanin cikar wata, watau dararen da wata ke sama tun magariba. Waɗannan su ne dararen da 'yan mata ke gaɗa a dandali, yara ke langa, har iyaye su gaji da kira.

Mai Aikin Dare

Yanzu sai mu ɗauki ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Badariya, wadda aka sa ta aikin dare. Ta shiga aiki bayan lisha, ta kwana ƙarƙashin fararen fitilu. Hasken nan yana danne melatonin, yana kuma tura agogonta gaba. Da za a bar shi shi kaɗai, da sannu agogon zai juya ya mai da dare rana. Amma da safe ta miƙa aiki ta fito, ta hau kabu-kabu, rana ta hantsi ta zuba mata luks dubu goma ko fiye cikin ido, daidai lokacin da haske ke jawo agogo baya. Abin da fitilar asibiti ta saƙa da dare, rana ta warware shi cikin rabin sa'a. Haka za a yi ta ja-in-ja har kwanakin aikin daren su ƙare, ta koma aikin safe.

Shi ya sa maganar sabo ba ta da ƙarfi. A 2008 Simon Folkard ya tattara binciken da aka yi a kan masu aikin dare na dindindin, waɗanda ba su yin wani aiki sai shi, ya tarar waɗanda agogonsu ya juya sarai ba su kai 3 cikin 100 ba, waɗanda ya juya gwargwadon da zai amfane su kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mai gadin da ya shekara ashirin yana kwana a ƙofar gida ya saba da wahalar, ya san dabarun jure ta, amma jikinsa har yanzu wajen ƙarfe 4 na asuba ya ke sanyi, yana neman shimfiɗa.

In ta isa gida kuma, barcin ba ya zuwa yadda a ke so. Agogo ya riga ya yi shelar safiya, zafin jiki yana hawa, alhali barci mai nauyi yana bukatar jiki ya huce. A nan ƙasar Kabi ta ƙara nata. Cikin Afrilu zafi ya kan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa da walaha tanderu ne. Ga masu talla, ga yara, ga injin markaɗe, ga baƙon da zai yi sallama ya ji an ce tana barci ya ce, "Barci da rana tsaka? Lafiya?" Galibin masu aikin dare barcinsu na rana ya kan gaza na dare da sa'a biyu ko fiye, bashin kuwa taruwa ya ke yi.

Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da agogo ba. Hanta da hanji da sauran kayan ciki kowanne yana da nasa, su kuwa lokacin cin abinci su ke sauraro ƙwarai. A 2009 Frank Scheer ya sa mutum 10 suka riƙa ci da barci a lokutan da suka saɓa wa agogonsu, sai sukarin jininsu ya hau, bugun jininsu ma ya ɗan hau, har waɗansunsu suka shiga matakin da likita zai ce ciwon sukari na tafe, cikin 'yan kwanaki kawai. A 2021 aka sake gwaji irin wannan, aka ga waɗanda suka yi aikin dare amma suka tsare cin abincinsu da rana sukarinsu bai hau ba. Ke nan burodi da shayi mai kauri da ƙarfe 2 na dare ba daidai su ke da na ƙarfe 8 na safe ba, ko da mai shayi ɗaya ne ya haɗa. Bincike mai yawa ya sami ƙarin ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya a cikin waɗanda suka daɗe suna aikin dare. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke birnin Lyon, ta sa aikin dare cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji a 2007, ta kuma sake tabbatar da matsayinta a 2019. "Mai yiwuwa" ta ce, domin shaidar da aka samu a jikin dabbobi ta fi wadda aka samu a jikin mutane ƙarfi, kuma bai kamata a tsorata ma'aikata da abin da ya wuce haka ba.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na gyangyaɗi. A 1997 Dawson da Reid na Ostareliya suka nuna cewa wanda ya yi sa'a 17 ido biyu, hannunsa da idonsa sun yi sanyi kamar na wanda ya sha barasa gwargwadon da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi. Wanda ya tashi da azahar ya yi aiki har hantsi ya wuce wannan adadi. Haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1979 da ƙarfe 4 na asuba ya fara, na Chernobyl a 1986 da ƙarfe 1 da minti 23 na dare. Ko da ya ke dalilansu suna da yawa, masana barci ba su bar ambaton lokacin ba. Namu misalin ya fi waɗannan kusa: direban da ya ce bari ya ƙarasa Jega kafin asuba.

Masuncin Argungu kuwa, a nawa ra'ayi, lamarinsa dabam ne da na ma'aikaciyar asibiti, ko da ya ke dukansu dare su ke rabawa. Shi cikin duhu ya ke aiki, ko cikin farin wata, saboda haka ba a yi wa agogonsa ƙaryar rana; rashin barci ne kawai ke kansa, ya kan kuma biya da ƙailula, aikin nasa kuma yana bin cikar ruwa da janyewarsa. Sai dai tocilar goshi mai farin ƙwai ta fara shiga jirgi.

Abin da Ke Sauƙaƙawa

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta yi maganar wanda za a sa aikin dare da wanda ba za a sa ba: ta hana a sa mata a masana'antu, ta keɓe ma'aikatan jinya. Yarjejeniya ta 171 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1990, ta ƙara da cewa mai aikin dare yana da hakkin a duba lafiyarsa kyauta. Amma abin da ya fi taɓa jiki yana hannun mai rubuta jadawalin aiki. Da ya ke kwanan jiki ya ɗara sa'a 24, ya fi sauƙi a jinkirta shi da a gaggauta shi, don haka jadawalin da ya tashi daga safe zuwa yamma zuwa dare ya fi na akasinsa sauƙi. Masana da yawa sun fi son a taƙaita dararen da ke jere, biyu ko uku, a bi su da hutu, tun da ya ke agogon ba juyawa zai yi ba, gara kada bashin barci ya taru.

Shi ma'aikacin, in zai yi dare da yawa a jere, baƙin tabarau a hanyar komawa gida yana rage ƙarfin rana, muddin ba shi ke tuƙi ba. Ya kwanta da zarar ya isa, a ɗaki mafi duhu da sanyi, ko da tsohon ɗakin ƙasa ne na bayan gida, a toshe taga da bargo. Goro da shayi a farkon dare su ke da amfani. Rabin ƙarfinsu yana nan a jini bayan misalin sa'a 5, saboda haka goron asuba barcin hantsi ya ke ci. Tuwo kafin a tafi, abu mara nauyi in dare ya raba. Mutanen gida kuma su ɗauki hantsinsa a matsayin tsakar darensa, kada a tashe shi don an zo karɓar kuɗin ruwa.

Sau ɗaya a shekara gari duka ya kan ɗanɗani wannan hali, watau da azumi, musamman goman ƙarshe, sa'ad da a ke tahajjud, kasuwa ke ci har tsakar dare, teloli ke kwana bisa keke. Ahmed BaHammam da abokan aikinsa a Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad sun gwada masu azumi waɗanda aka tsare musu lokacin barci da yawan haske, suka tarar azumin kansa bai juya lokacin melatonin ba. Abin da ke juya shi shi ne hira da fitilu da barcin hantsi da ke biyo baya. Telan Badariya da ya tura agogonsa gaba da sa'a 4 ko 5 kafin salla, zai bukaci kusan kwana 4 ko 5 yana fita cikin hasken sassafe kafin barcinsa ya koma bayan lisha.